Sunan Da Inna Ba Ta Faɗa

Shafi na 12

Sai da suka wuce shingen ƙarshe na Sabha, hanya ta miƙe sak zuwa Samnu, sannan Ustaza Houda ta rage muryar rediyo.

"Mamanka, kin tabbata zai yi magana?"

Mamou ta ɗan murmusa. Duk halin da take ciki, Hausar lauyar nan ba ta fasa ba ta dariya. A kasuwa ta tsince ta, wajen masu tumatir da albasa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Inna ba ta rasa magana, Ustaza. Kalma ɗaya ce dai ba na jin za ta fito."

"To ita ɗin nake so."

Mamou ta waiwaya baya. Safiya ta jingina kai da gilashi, abin sauraro toshe a kunnuwanta, tana kallon rairayi. Shekararta goma sha ɗaya, kuma ita kaɗai mijinta Hudaifa ya bar mata da ya rasu. Yarinyar 'yar Libiya ce ta wajen uba, wannan ba mai taɓa shi. Uwar ce aka taɓa. Jinsiyyar da Mamou ta samu ta dalilin aure, wato zamanta 'yar ƙasa, ita aka janye. An rufe lambarta ta 'yar ƙasa, an dakatar da ita daga makarantar da take koyarwa. In aka ce yau ta tattara ta koma Nijar, baffannin Safiya na nan unguwar Sukra a Sabha, ba za su bari a tsallaka da 'yar ɗan'uwansu ba.

Kuma duk a kan suna.

Takardunta na Libiya gaba ɗaya Mamou Karimoune suke cewa. Takardar haihuwarta ta Nijar kuwa Aïssatou Karimoune. Ita da kanta ta kai musu ta Nijar ɗin, lokacin da take nema wa Inna takardar zama, aka ce ta kawo shaidar cewa uwarta ce. Wani mai ido ya ɗora wannan a kan waccan, ya ga sunaye biyu. Aka ce da bayanin ƙarya ta samu jinsiyya.

"Ustaza, in tambaye ki."

"Tambaya."

"Abin nan da muka kai kotu da safe, na sa hannu. Yanzu shi ke nan sun mayar mini?"

Houda ta girgiza kai. Ta koma Larabci, don in magana ta zo kan doka ba ta yarda da Hausarta.

"Ba su mayar ba. Ƙofa kawai muka tare da ƙafa kafin ta rufe. Kin ga, ba alƙali ne ya janye miki jinsiyya ba, hukuma ce. Shi kuwa hukuncin hukuma akwai sashensa a kotun ɗaukaka ƙara, can ake ƙalubalantarsa. Amma kwana sittin suke ba ka daga ranar da aka sanar da kai. Ke kuma kin cinye kusan duka kina zagayen ofisoshi kina ba da haƙuri."

"Na ɗauka in sun ga fuskata za su gane."

"Ofis ba ya ganin fuska. Abu biyu muka roƙa. Na farko, a dakatar da zartar da hukuncin tun yanzu, kada a taɓa ki sai an gama shari'a. Na biyu, a soke shi ɗungum. Na biyun zai ja lokaci. Na farkon ne ke gabanmu, sati mai zuwa."

"Me alƙali zai duba?"

"Zai duba ko akwai ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa. Ga ta can a baya tana jin waƙa. Sannan zai duba ko hujjarki mai nauyi ce. Hujjarmu kuwa ita ce wadda kika sa wa hannu: mace ɗaya ce, sunanta na yanka Aïssatou, Mamou laƙabi ne, babu niyyar yaudara. Saura wanda zai tsaya ya rantse ya ga ranar da aka raɗa, ya kuma ga ranar da aka rubuta ɗayan."

"Inna."

"Ita kaɗai ta rage."



Mamou ta san labarin ranar ta biyun, an sha ba ta. Tana 'yar ƙarama suka zo daga Tanout, mahaifinta Karimoune ya samu aikin ban ruwa a wata gona a Samnu. Ranar da za a sa ta makaranta yana can bakin famfo, Inna ce ta kai ta. Malamin ya tambayi sunan yarinya. Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Sunan surukarta aka mayar wa yarinyar, yaya za ta kama shi gatsal a gaban baƙon namiji? Ta ce, "Mamou." Ya rubuta. Daga wannan rubutun duk sauran suka tsiro.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Houda, "sunan 'yarta ne fa."

"Kafin ya zama nawa na uwar mijinta ne."

"Amma matar ta rasu."

"Kunya ba ta rasu ba."

* * *

A gindin dabino suka tarar da Inna Habsatou, ta baza tabarma tana tsince na sayarwa daga na awaki. Tun rasuwar Karimoune, mai gonar ya bar mata ɗakin da suke ciki. An yi an yi ta dawo Sukra ta ƙi, ta ce gidan sama ba ya mata, mutum bai san ta inda rana ta fito ba.

Safiya ce ta fara fita a guje.

"Kaka!"

"A'a, Balarabiya, ke ce da tsakar ranar nan? Zo in ga ko uwarki na ba ki abinci."

Ta tattaɓa kumatunta, ta laluba ƙarƙashin tabarma ta zaro wani ɗan ƙullin leda ta danƙa mata.

"Je ki bayan ɗaki, akuyar nan mai tozali ta haihu. Kada ki ɗaga shi ta wuya."

Mamou ta durƙusa ta gaishe ta. Houda ma ta tsuguna.

"Hajja, ina wuni? Yaya jikinka?"

Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta dubi 'yarta.

"Wannan ce abokar taki?"

"Ita ce lauyar, Inna."

"Wadda ba ta raba mace da namiji ba, ita za ta raba ki da gwamnati?"

Houda ta gane, ta yi dariya har da dafa ƙirji.

"Hajja, a kotu Larabci nake yi. Can ba na ɓata."

"To Allah ya sa. Zauna, 'yar nan, kada rana ta ƙara dafa ki."

Ta ɗaga murya wajen ɗakin da ke can gefen rijiya, inda mai gadin famfo yake zaune da iyalinsa.

"A'isha! A'ishatu! Miƙo mana gawayin nan da wuta, na yi baƙi."

Aka kawo wuta, aka ɗora shayi. Inna ba ta tambayi abin da ya kawo su ba. Sai da ta zuba na farko, kumfa ta tsaya a bakin kofi, sannan Mamou ta gyara zama.

"Inna, an ba mu rana."

"Masha Allah."

"Sai an je da ke."

"In yi musu me? Ni da ba Larabcin kirki ba."

"Akwai tafinta. Tambaya kaɗan ce. Za su ce ke ce uwata, ki ce e. Za su ce ke kika kai ni makaranta, ki ce e. Sai su ce mene ne sunana na yanka."

Hannun Inna ya koma cikin dabino. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta jefa wa na awaki.

"Bana tsutsa ta yi yawa."

"Inna."

"Na ji ki."

"Sau ɗaya ne kawai."

"Wuƙa ma sau ɗaya take yanka."

Mamou ta dubi Houda, kallon na faɗa miki. Houda ta ajiye kofi. Da ganinta ta zo da shirinta.

"Hajja, na yi tunani. Ba sai ka faɗi da baki ba. Ni zan roƙi alƙali, shi ya karanta suna. Ya ce, sunan 'yarka kaza? Kai ka ce na'am. Shi ke nan. Bakinka bai taɓa ba."

Mamou ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Wannan dabarar ba ta zo mata ba.

"Kin ji, Inna? Shi zai faɗa. Ke na'am kawai."

Inna ta ɗago.

"Wane zai karanta?"

"Na takardar Nijar mana."

"Da Alƙur'ani a wurin?"

"Da rantsuwa dai. Shaida ce."

"To ba zan ce na'am ba."

Tukunyar shayi ta tafaso, ta zubo a kan gawayi. Ba wanda ya kula sai Inna, ta sauke ta a hankali.

"Inna, na'am fa. Ba suna ba."

"Kunnena ƙalau."

"To mene ne kuma? Kunyar har ta kai nan?"

"Wa ya ce miki kunya ce?"

 Idon Mamou ya sauka a kan gawayin. Daga gawayin ya tafi ɗakin gefen rijiya, inda matar mai gadi ke shanya kaya a kan igiya.

Wani abu ya taɓa ta, kamar ƙaya a cikin takalmi.

"Inna... ɗazu me kika kira matar can?"

"Wace?"

"Wadda ta kawo wuta."

"A'isha mana. Ko ta sake suna?"

Haka ta faɗe shi, sumul, ko gezau. Mamou ta tuna ta sha jin wannan kiran. Shekara da shekaru tana jinsa ta kan katangar kara, safe da yamma, ba ta taɓa tsayawa ta saurare shi ba. A'isha, A'ishatu, Aïssatou, ai duk abu ɗaya ne, rubutun nasara ne kawai ya bambanta.

"Kina faɗarsa."

"Me zai hana ni?"

"Sunan surukarki."

"Ni na taɓa ce miki sunanta ke nan?"

Houda ta matso.

"Me ya ce? Mamou, fassara mini, na ɓata."

Mamou ba ta ko juya ba.

"Inna, a takarda na gani. Tun ina budurwa na ciro ta a akwatin Baba, na kai wa wani ɗan Zinder mai lakkwal, ɗan boko, ya karanta mini. Na dawo na tambayi Baba, ya ce haka suka rubuta."

"To ya yi ƙarya? Haka suka rubuta."

Inna ta goge hannu a zane. Muryarta ta sauka, irin ta mai ba da labarin da ya daɗe a ajiye har ya daina zafi.

"Bayan suna da 'yan kwanaki aka ce kowa ya kai ɗansa meri, ofishin magajin gari, a rubuta. Ubanki ya tafi. Ya tarar da layi, akawun kuma wani saurayi ne ɗan birni, yana ta duba agogo. Ya ce sunan yarinya. Ubanki ya ce, sunan mahaifiyata aka mayar. Ya ce, to mene ne sunan mahaifiyar taka? Ke kin san ubanki. Mutumin da ko tabarmar tsohuwar ba ya takawa, shi zai kama sunanta a gaban jama'a? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, sunan matar Annabi gare ta, sallallahu alaihi wa sallam."

"Sai kuma me?"

"Sai yaron ya ce to, ya rubuta, ya buga hatimi, ya ce na baya ya matso."

"Bai tambayi wacce ba?"

"Shi a saninsa guda ɗaya ce."

Dariya ta kusa ƙwace wa Mamou.

"Ku kuma ba ku duba ba?"

"Da wane idon? Sai da damina ta zagayo wani ɗan makaranta ya karanta mana. Na ce Malam, a koma a gyara. Ya ce in ya koma ai sai ya faɗa. Ya ce bar su, takarda ce, ba ita ke amsa kira ba."

Inna ta dubi 'yarta.

"Ashe watarana za ta amsa."

Mamou ta juya ta mayar wa Houda da Larabci, a gajarce. Lauyar ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Tsaya. Kina nufin na Libiya ba naki ba ne, na Nijar ma ba naki ba ne?"

"Haka take cewa."

"To mene ne naki?"

Mamou ta dubi uwarta. Tambayar da take yi wa yara 'yan aji ɗaya ranar farko, ita ce yau ba ta da amsarta, ga furfura ta fara leƙowa a goshinta. Abin mamaki, ba tsoro ta fara ji ba. So take kawai ta sani, irin son da ke sa yaro leƙa rijiya.

"Inna, wane ne?"

"Sha shayinki."

"Ba zai wuce ba sai na ji."

"Tun ba a haife ki ba rabon bakina da shi. Matar nan ina 'yar marainiya aka kai ni gidanta. Ita ta koya mini ɗaura zane. Da na kwanta ciwon da kowa ya gudu, ita ke tauna gero ta ɗura mini. Ban kama sunanta tana raye ba, sai yanzu da ba ta da bakin cewa na yafe?"

"To ba sai kin faɗa ba. Zan riƙa kirowa ɗaya bayan ɗaya, in na zo kansa ki gyaɗa kai."

"Gyaɗa kai ma faɗa ne."

"Kai, Inna."

"Ke malama ce. Yi aikinki."

Mamou ta kama haɓa. Ta fara bin sunayen matan Annabi a zuci, ba a littafi ba, a bakin Inna. Hadiza dai tana faɗa, akwai Hadiza mai ƙosai da suke gaba da ita tun a Tanout, kullum sai ta ambace ta. Hafsatu nata ne, ko a asibiti ita ke faɗa da kanta. Zainabu ƙanwarta ce. Maimuna kuwa, ai har akuya ta taɓa sa wa Maimuna, Baba ya yi ta faɗa.

"Saudatu?"

"'Yar Maazou ba Saude ba ce? Ba ni na yi mata wankan jego ba?"

"Ramlatu?"

"Allah ya ji ƙan Ramlatu, ta iya fura."

Tana faɗa tana tsintar dabino, har da ɗan murmushi, kamar mai wasan 'yar ɓoyo da jika. Houda na bin bakinsu da ido, ta kasa haƙuri.

"Saura nawa?"

"Kaɗan."

Daga bayan ɗaki aka ji kukan ɗan akuya. Sai ga yarinyar ta ɓullo, ta rungumo shi a ƙirji, ƙafafunsa na reto, bakinta duk danƙon dabino.

"Kaka, kin ga yana tsotsar yatsana."

"Balarabiya, sauke shi, uwarsa za ta tunkuye ki. Balarabiya, ba da ke nake ba?"

Mamou ta tsaya cak.

Balarabiya.

Tun ranar da aka haife ta. Balarabiya, ko 'yar Sukra, ko ke mai idon mage. Ta laluba, ta sake lalubawa, tun daga zanen goyo har yau, ta nemi rana ɗaya tak da ta ji sunan yarinyar nan a bakin Inna. Babu.

Sai ranar sunan ta dawo mata. Hudaifa ne ya zaɓa, sunan wata gwaggonsa da ta yi renonsa, bai yi shawara da kowa ba. Da aka shigo ɗakin mata aka faɗa, Inna ta miƙe tsam ta fita, ba ta dawo ba sai da aka watse. Baba kuwa da aka gaya masa a waje, dariya ya yi ta yi har da hawaye, yana cewa Allah mai iko, Allah mai iko. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai kira jaririyar da komai ba sai Uwata.

Ita kuwa Mamou ta ƙulla abin a ranta. Ta ɗauka fushi Inna ta yi don ba a mayar da sunanta ba. Ta ɗauka jinin Larabawan ne bai kwanta mata ba.

A hankali, idonta a kan uwarta, ta ɗaga murya.

"Safiya."

"Na'am, Mama?"

Ba yarinyar take kallo ba. Inna ta sunkuyar da kai, hannunta ya kai gefen mayafi, ta ja shi ta rufe baki. Yadda take yi kullum. Yadda ta yi ta yi a gabanta shekara goma sha ɗaya, ita tana cewa ko ƙura ce ke damun tsohuwa.

"Je ki mayar da shi wajen uwarsa," Mamou ta ce wa yarinyar. 

Sai da yarinyar ta ɓace sannan Mamou ta juyo.

"Shi ne?"

Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

"Inna, duk shekarun nan ina cewa ba kya son 'yata."

"Wadda nake ɓoye wa dabinon da ko mai gonar bai ci irinsa ba?"

"Kin tashi kin fita ranar sunanta."

"In zauna mata na ta jefa shi ta kowace kusurwa kamar ƙwallo? Bayan gida na je na yi kukana. Na ce tsohuwa ta biyo mu har nan Fezzan, ba ta yarda a bar ta a Tanout ba."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Da wane bakin?"

 Mamou ta sa bayan hannu ta share ido. Ashe ita da 'yarta takwarori ne. Ashe duk kiran da take ƙwalawa a gidan Sukra, zo ki ci abinci, tashi ki yi salla, sunanta take kira ba ta sani ba.

Houda ta bari suka numfasa, sannan ta yi magana, a hankali, tana zaɓen kalmominta na Hausa ɗaya ɗaya.

"Hajja. Ni na gane. Amma alƙali ba ya gane mayafi. Ba ya rubuta an rufe baki. Sai ya ji da kunne, daga wanda ya gani. In babu, takarda biyu ne a gabansa, kuma biyun ba su yarda da juna ba."

"Ku nemo wani."

"Wa, Inna?" in ji Mamou. "Limamin da ya raɗa ya rasu. Baba ya rasu. Wanzamin ma na ji kin ce ya rasu. In na aika Tanout, kafin a samo wani tsoho a kawo shi, an gama da ni."

"Allah na nan."

"Yana nan. Shi ya bar mini ke."

Inna ta kau da kai wajen rijiya.

"Ba don aikin makaranta nake roƙonki ba. Su riƙe abinsu. Amma in suka sa ni a mota suka tsallakar da ni iyaka, ita tana nan. Baffanninta za su ɗauke ta, ba za su cuce ta ba, na sani. Sai dai Hausa za ta zube daga bakinta cikin shekara biyu. Ba mai kawo ta Samnu. Wa za ki ɓoye wa dabino?"

Mamou ta matso kusa da ita.

"Kin ce tsohuwa ta biyo mu har nan. To ga shi za a raba ta gida biyu, rabi a Nijar, rabi a Sukra. In da tana zaune a tabarmar nan, me za ta ce miki? Riƙe mini sunana, ki saki jikokina?"

"Kada ki sa mata magana a baki. Ba ki san ta ba."

"Ke kin san ta. Me za ta ce?"

 Iska ta kaɗa ganyen dabino, famfo na ta bugawa can ƙasan gona. Inna ta ɗauki wani dabino mai kyau, ta duba shi, ta rasa ɓangaren da za ta jefa shi, ta riƙe a hannu.

"Cewa za ta yi, Habsatou, ke dai sakarya ce tun kina yarinya."

Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kuncinta.

Yarinyar ta dawo tana karkaɗe gashin akuya daga rigarta. Ta tsaya ganin fuskokinsu.

"Me ya faru? Kaka, wa ya taɓa ki?"

Inna ta kai hannu ga mayafinta. Mamou ta ɗauka rufewa za ta yi. Sai ta ga ta janye shi ƙasa, har haɓa. Leɓɓanta suka motsa babu sauti, kamar mai gwada ƙafa a ruwan da bai san zurfinsa ba. Ta ce bismillahi. Ta ce wa marigayiyar, Inna ki yafe mini.

Sannan, da wata murya siririya da Mamou ba ta taɓa ji ba:

"Safiyatu."

"Na'am."

Baki biyu ne suka amsa.

Yarinyar ta dubi uwarta da mamaki.

"Mama, ni fa ta kira."

"Na sani," in ji Mamou. Ta jawo ta jikinta ta ƙanƙame. "Bakina ne ya riga ni."

Ta juya wajen Houda, fuskarta jiƙe, tana dariya.

"Ustaza, kin ji? Ta faɗa. Za ta faɗa a gaban alƙali ma. Ko ba haka ba, Inna?"

Houda ba ta yi dariya ba. Tabarau na hannunta har yanzu, ta ƙura wa gawayin ido. Da ta buɗe baki, da Larabci ta yi, ƙasa ƙasa, don kada tsohuwar ta ji.

"Mamou. Da safe, me kika sa wa hannu?"

"Ƙarar mana."

"Me ƙarar ta ce?"

"Ta ce mace ɗaya ce, sunanta na yanka..."

Ta tsaya.

"Faɗi."

"Aïssatou."

"Na karanta miki, na tambaye ki ko gaskiya ne, kika ce gaskiya ne. An karɓa, an buga hatimi, an aika wa lauyan gwamnati nasa kafin azahar." Houda ta ajiye tabarau. "Da can sun ce kin ba hukuma sunan da ba naki ba, muna da amsa. Yanzu in mahaifiyarki ta tsaya ta faɗi abin da ta faɗa, zai miƙe ya ɗaga takardarmu ya ce, ga shi ta sake, yau kuma kotu ta yi wa ƙarya. In kuma ba ta faɗa ba, ba mu da shaida."

Hannun Mamou ya saki kafaɗar Safiya.

Inna na kallonsu, daga wannan fuska zuwa waccan, mayafinta har yanzu a haɓa, dabinon nan a tafin hannunta.

"Me take cewa?" ta tambaya. "Ban faɗa daidai ba ne? In sake?"